Ko manyan motocin dakon kaya za su iya rabuwa da man dizal?

A duk lokacin da aka yi girbi a fadamun kogin Haɗejiya da ke jihar Jigawa, manyan motoci kan yi jerin gwano a bakin kasuwanni suna lodin shinkafa da alkama da riɗi da zoɓo da busasshen kifi zuwa Kano da Legas da sauran biranen Najeriya. Kusan dukkan waɗannan motoci da man dizal suke aiki.

Tun bayan da farashin man ya yi tashin gwauron zabi a shekara ta 2022, aka kuma janye tallafin man fetur a shekara ta 2023, masu motoci da 'yan kasuwa da manoma ke tambayar ko akwai wani makamashi da zai iya jan tirela ban da dizal.

Amsar a taƙaice ita ce, fetur zai iya, amma da asara. Iskar gas ma za ta iya, har ma da riba, amma sai a inda ake samunta a kan hanya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar gari kamar Haɗejiya.

Wane gas ake nufi?

Ya kamata a fara warware wani ruɗani na suna. A tashoshin mota da gidajen mai na arewacin Najeriya, idan direba ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi. A Jamhuriyar Nijar kuma gazwal ake ce masa. Duka sunayen biyu sun samo asali ne daga tsohon sunan da Turawa ke kiran man da shi a matatun mai.

Iskar gas kuwa wani abu ne daban, kuma iri uku ce ake amfani da ita a motoci.

Ta farko ita ce wadda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, a matse ta da ƙarfi cikin tukwanen ƙarfe masu kauri. Ita ake kira CNG a taƙaice.

Ta biyu ita ce dai wannan iskar, amma an sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri har ta zama ruwa, girmanta ya ragu kimanin sau 600. Ita ce LNG.

Ta uku ita ce ta girki da ake ɗurawa a tukwanen gida, wato LPG, wadda sinadaranta suka bambanta da na biyun farko.

A wannan bayani, za a riƙa cewa dizal idan ana nufin man, a kuma ce iskar gas idan ana nufin ɗaya daga cikin waɗannan ukun.

Me ya sa batun ya shafi Haɗejiya?

Fadamar Haɗejiya zuwa Nguru na daga cikin wuraren da suka fi albarkar noma da kamun kifi a arewacin Najeriya. Ruwan da ake saki daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a shekara ta 1974, da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, shi ke ratsa yankin kafin ya wuce jihar Yobe. Da shi ake noman rani a ƙananan hukumomi irin su Auyo da Kirikasamma da Guri.

A watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, kuma a watan Nuwamban shekarar gwamnatin tarayya ta zaɓi yankin domin ƙaddamar da shirinta na noman alkama.

Sai dai masu cin wannan amfanin gona suna nesa. Daga Haɗejiya zuwa Kano kusan kilomita 200 ne, zuwa Legas kuwa kimanin kilomita 1,200. Layin dogon da ya taso daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a shekara ta 1930, ya bi ta Malam Madori, amma an daɗe da mayar da akasarin dakon kaya kan titi.

Saboda haka kowane buhun shinkafa da ya bar yankin yana ɗauke da kuɗin dizal a cikin farashinsa. Haka ma takin zamani da siminti da ke shigowa. Idan kuɗin mota ya tashi, ɗan kasuwa kan rage abin da yake bai wa manomi, ya kuma ƙara wa mai saye a birni.

A farkon shekara ta 2022 ana sayar da litar dizal ƙasa da naira 300. Bayan da Rasha ta mamaye Yukren a watan Fabrairu, farashin ya yi ta hawa har ya kai kimanin naira 800 a ƙarshen shekarar, daga baya kuma ya haura naira 1,000. Da ma tun shekaru da dama kafin nan gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade farashin dizal, don haka babu tallafin da zai rage wa masu manyan motoci raɗaɗi.

Mene ne bambancin injin dizal da na fetur?

Dukkansu suna ƙona mai ne a cikin silinda domin tura fistin. Bambancin yana wajen yadda wutar ke kamawa.

Injin fetur, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita fasalinsa a shekara ta 1876, yakan gauraya mai da iska, ya matse su kaɗan, sannan fulogi ya ƙyasta wuta. Ba a iya matse wannan haɗi fiye da sau 8 zuwa 12, domin idan aka wuce haka zai kama da kansa kafin lokaci, ya riƙa dukan fistin har injin ya lalace.

Injin dizal kuwa, wanda wani Bajamushen, Rudolf Diesel, ya nuna yana aiki a birnin Augsburg a shekara ta 1897, ba shi da fulogin ƙyasta wuta. Zallar iska yake zuƙa, ya matse ta sau 16 zuwa 20, har ta yi zafin da ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci ne nozul ke fesa man, sai ya kama nan take saboda zafin.

Ke nan abin da ake so ga fetur shi ne ya jure matsi kada ya kama sai fulogi ya ba shi wuta. Abin da ake so ga dizal kuwa shi ne ya kama da zarar ya taɓa iska mai zafi. Halayen biyu kishiyoyin juna ne, shi ya sa ba a musanya su a inji ɗaya.

Me ya sa dizal ya mamaye manyan motoci?

Dalili na farko shi ne tattali. Gwargwadon yadda inji ke matse iska, gwargwadon aikin da yake tatsa daga man. Injin tirela na zamani yana mayar da sama da kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin man zuwa tafiya, alhali injin fetur a kan hanya yakan tsaya ne a wajen kashi 25 zuwa 35. Ragowar na tafiya a matsayin zafi ta salansa da lagireto.

Na biyu, dizal ya fi fetur nauyi, kuma kowace lita tasa tana ɗauke da ƙarfin da ya zarce na litar fetur da fiye da kashi 10 cikin 100.

Na uku shi ne ƙarfin ja. Abin da mota mai ɗauke da tan 30, wato buhu 300 na hatsi, ke buƙata shi ne ta iya tashi daga tsaye, ta hau tudu, ta fita daga yashi ko taɓo. Injin dizal yana ba da cikakken ƙarfinsa ne tun yana juyawa a hankali, wajen juyi 1,000 zuwa 1,500 a minti ɗaya. Injin fetur sai an taka shi ya ninka haka kafin ya ba da nasa.

Na huɗu, ƙarko. Tun da an gina shi ne don ya jure matsi mai yawa, kuma ba ya gudu da sauri, injin babbar mota da ake kula da shi kan yi tafiyar kilomita miliyan ɗaya kafin a sauke shi a yi masa babban gyara.

Ana iya ganin tasirin haka da ɗan lissafi. A ɗauka cewa tirela mai cikakken lodi tana shan lita 40 a kowane kilomita 100. Daga Haɗejiya zuwa Legas za ta sha lita 480 a tafiya kawai, ban da dawowa. Da a ce injin fetur ne zai ja wannan kaya, zai buƙaci abin da ya kai lita 650 zuwa 700. Sai fetur ya fi dizal araha da kusan kashi ɗaya bisa uku kafin a ce an tashi kunnen doki.

An taɓa yin manyan motoci masu amfani da fetur?

Ƙwarai kuwa. Da fetur aka fara dakon kaya a mota. Sai a shekarun 1923 da 1924 ne kamfanonin Benz da MAN na Jamus suka fito da motocin kaya masu injin dizal. A yaƙin duniya na biyu, akasarin motocin da suka yi wa sojojin Amurka jigila fetur suke sha. Tarayyar Sobiyet ma, wadda ke da arhar mai, ta ci gaba da ƙera motocin kaya na ZIL da Ural masu injin fetur har shekaru da dama bayan yaƙin.

A Najeriya, da yawa daga cikin motocin Bedford da Austin masu bodin katako da suka yi dakon gyaɗa da fasinja a zamanin mulkin mallaka injin fetur gare su. Amma a lokacin da aka kafa masana'antun harhaɗa manyan motoci a shekarun 1970, wato na Steyr a Bauchi, da na Fiat a Kano, da na Mercedes a Enugu, da na Leyland a Ibadan, dizal ya riga ya ƙwace fagen.

Abin lura shi ne, ko a tsawon shekarun da gwamnati ke biyan tallafi a kan fetur, har litarsa ta koma ƙasa da kashi ɗaya bisa uku na farashin dizal a shekara ta 2022, masu tirela ba su koma kansa ba. Dalili kuwa shi ne, babu wani babban kamfani da ke ƙera kan tirela mai injin fetur da za su saya. Fetur ya tsaya ne a kan ƙananan motocin kaya irin su a-kori-kura da ke kai kaya daga ƙauye zuwa kasuwannin Gujungu da Maigatari.

Wannan rata ma ta ragu sosai bayan da shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin a ranar 29 ga watan Mayun 2023. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama.

Me zai faru idan aka zuba fetur a tankin dizal?

Injin zai lalace. Dizal yana da maiƙo, kuma shi ne ke shafe injekta da nozul yayin da yake ratsa su. Fetur ba shi da wannan maiƙo, hasali ma wanke shi yake yi, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Ban da haka, ba ya kamawa a lokacin da ya dace, don haka motar za ta riƙa fizga, ta rasa ƙarfi, daga bisani ta tsaya.

Irin wannan illa ce ke biyo bayan gauraya dizal da kananzir, ko da yake ita tana ɗaukar lokaci kafin ta bayyana. Sababbin injuna masu aiki da kwamfuta sun fi tsofaffi saurin lalacewa da gurɓataccen mai.

Akwai kuma batun gobara. Fetur yana fitar da tururin da ke kamawa da wuta ko da a cikin tsananin sanyi, alhali dizal sai zafinsa ya haura digiri 50 kafin ya fara haka. Mutanen Jigawa sun ga abin da wannan bambanci ke nufi a daren 15 ga watan Oktoban 2024, lokacin da wata tankar fetur ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, ta kuma kama da wuta yayin da jama'a suka taru a wurin. Mutane fiye da 150 ne suka rasu. Allah ya jiƙansu.

To iskar gas fa?

A nan labarin ya sha bamban. Iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa tana jure matsi fiye da fetur, don haka ana iya gina mata babban inji mai ƙarfin ja da ya kusa kai na dizal. Amma ita ma ba ta kamawa da kanta a injin dizal, domin zafin da take buƙata ya fi wanda dizal ke buƙata nesa ba kusa ba. Dole a samo abin da zai kunna ta, kuma hanyoyi uku ake bi.

Hanya ta farko ita ce a ƙera injin tun daga masana'anta da fulogi, ya riƙa aiki da iskar gas zalla. Irinsa ne kamfanonin Iveco da Scania na Turai, da Sinotruk da Shacman na ƙasar Sin ke sayarwa, kuma a shekara ta 2024 kamfanin Cummins na Amurka ya fara ƙera wani mai girman lita 15. Irin wannan inji yakan ci makamashi fiye da na dizal da ɗan kaɗan, sai dai arhar iskar na rufe giɓin.

Hanya ta biyu ita ce a bar injin dizal yadda yake, a ƙara masa na'urar da ke shigar da iskar gas tare da iskar da yake zuƙa, sannan ɗan dizal ɗin da nozul ke fesawa ya zama ashana. Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga tsohuwar mota. Takan rage shan dizal da kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi, kuma idan iskar ta ƙare a hanya, motar na ci gaba da tafiya da dizal kaɗai.

Hanya ta uku, wadda kamfanin Volvo ya fito da ita kasuwa a shekara ta 2017, ita ce a fesa iskar da matsanancin ƙarfi kai tsaye cikin silinda bayan ɗigon dizal. Tana ba da ƙarfi daidai da na dizal, amma ta fi tsada, kuma da LNG take aiki.

Babbar matsalar iskar gas ita ce wurin ajiya. Ko da an matse CNG sau 200 zuwa 250 fiye da matsin iskar sararin samaniya, ana buƙatar tukwanen da suka ninka tankin dizal sau huɗu zuwa biyar kafin a yi tafiya iri ɗaya. Tukwanen suna da nauyi, kuma duk abin da suka ci na nauyi an rage shi ne daga kayan da motar za ta ɗauka. Shi ya sa akasarin manyan motocin CNG ke neman wurin ɗuri bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. LNG ta fi kai mota nesa, har kilomita 1,000 ko fiye, amma tana buƙatar tanki na musamman mai riƙe sanyi, kuma idan motar ta daɗe a ajiye, iskar kan ɗumama ta riƙa zurarewa.

Me ya sa injin ban-ruwa ya karɓi iskar gas cikin sauƙi?

Bayan janye tallafin fetur, manoman rani da dama a arewacin Najeriya sun mayar da injinansu na ban-ruwa zuwa aiki da iskar girki, kamar yadda masu janareta suka yi a birane. Wasu kuma sun koma famfunan hasken rana. Wannan ya sa ake ganin kamar tirela ma haka za a yi mata.

Amma ƙaramin injin ban-ruwa injin fetur ne, da fuloginsa. Kafireta kawai bakanike zai sauya, ya jona tiyo da tukunya. Tasi da motar bas da Keke Napep ma akasarinsu injin fetur ne da fulogi gare su.

Injin tirela kuwa, idan ana son ya bar dizal gaba ɗaya, sai an sauke shi, an sauya fistin domin rage matsi, an huda gurbin fulogi a kowace silinda, an sa sabuwar kwamfuta da ingantaccen tsarin sanyaya shi, domin iskar gas ta fi dizal dumama inji. Ita kanta iskar girki ba ta jure matsi kamar CNG, don haka ba kasafai ake amfani da ita a manyan injuna ba.

Wane darasi ake samu daga wasu ƙasashe?

Ƙasar Sin ce ta fi kowace nisa. A shekara ta 2023 kaɗai an sayar da manyan motoci masu amfani da iskar gas sama da 150,000 a ƙasar, saboda iskar ta fi dizal araha kuma akwai dubban wuraren ɗuri a kan manyan hanyoyi. Zuwa shekara ta 2025 kuma motoci masu aiki da batir sun fara yi musu gogayya a gajerun tafiye-tafiye.

A Indiya, kotun ƙoli ce ta ba da umarni a shekara ta 1998 cewa motocin bas na birnin Delhi su koma CNG saboda gurɓatar iska, kuma an cika umarnin a ƙarshen 2002.

Sai dai akwai inda aka ji jiki. Pakistan ta mayar da miliyoyin motoci kan CNG a shekarun 2000, amma da iskar da take haƙowa ta gaza, sai aka koma rufe gidajen ɗuri na kwanaki a kowane mako, layuka suka yi tsawo. A Turai ma, tsadar iskar gas a shekara ta 2022 ta sa wasu kamfanonin sufuri da suka sayi motocin LNG suka tafka asara.

Darasin shi ne, ribar motar iskar gas ta dogara ne kan abubuwa biyu da mai motar ba shi da iko a kansu: ratar farashi tsakaninta da dizal, da kuma tabbacin samunta a duk inda ya nufa.

Ina Najeriya ta kwana?

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, kuma an daɗe ana ƙona wani kaso nata a banza a rijiyoyin man yankin Neja Delta. A watan Disambar 2020 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci kan iskar gas, sannan a shekara ta 2023 gwamnatin Tinubu ta kafa wani shirin na musamman kan CNG a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, wanda ya fi mayar da hankali kan motocin haya.

A ɓangaren manyan motoci, manyan kamfanoni ne suka yi gaba. Kamfanin Greenville, mai masana'antar LNG a Rumuji ta jihar Ribas, yana dakon iskar zuwa arewa a cikin tankokin da su kansu da ita suke aiki. Kamfanin simintin Dangote ya sayo motocin CNG masu yawa, kuma a watan Yunin 2025 matatar man Dangote ta bayyana shirin amfani da tankoki 4,000 masu aiki da CNG wajen rarraba mai, lamarin da ya haddasa taƙaddama da ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG a watan Satumban shekarar.

Ita wannan matata da ke Legas, wadda ta fara fitar da dizal a shekara ta 2024, ta kuma rage dogaron ƙasar kan wanda ake shigowa da shi daga waje. Ke nan gasar ba ta tsaya cik ba, domin duk lokacin da dizal ya sauko, ribar sauya inji na raguwa.

Me ke tsakanin Haɗejiya da iskar gas?

Nisa ne. Rijiyoyin iskar gas da akasarin bututanta suna kudancin ƙasar. Aikin da aka ɗora wa fatan kawo ta arewa shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga watan Yunin 2020. Aikin ya sha jinkiri, kuma sai a shekara ta 2025 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar cewa an ratsa da bututun ta ƙarƙashin kogin Neja.

Bisa tsarin aikin, a Kano bututun ya ƙare. Duk wani gidan ɗuri da ke Haɗejiya ko Gumel ko Nguru, a mota za a riƙa kawo masa iskar, kuma kuɗin wannan dako zai hau kan farashinta.

Akwai kuma yanayin aikin kansa. Motar da ke dakon amfanin gona ba ta da tsayayyar hanya. Yau tana Auyo, gobe tana Maigatari a bakin iyakar Nijar, jibi ta nufi Onitsha. Da damina, ambaliya kan yanke hanyoyi, kamar yadda aka gani a shekarun 2020 da 2022, sai direba ya yi dogon zagaye. Mai dizal yana iya sayen jarka a kowane ƙauye ya ci gaba da tafiya. CNG ba ta shiga jarka. Idan ta ƙare wa mota mai lodin ɗanyen kifi ko tumatir a tsakiyar hanya a zafin watan Afrilu, hasarar ba ta tsaya kan mai motar ba.

Sannan ga batun gyara. Kanikawan da ke garejin Haɗejiya da Kano sun ƙware ne a kan injinan DAF da Mercedes da MAN da Howo, kuma kayan gyaransu na nan a kasuwa. Injin iskar gas na buƙatar sabon horo da sababbin kayan aiki.

Akwai haɗari a tattare da ita?

Akwai, amma irinsa daban ne. CNG ta fi iska rashin nauyi, don haka idan ta zurare sama take yi ta watse, saɓanin fetur da ke malala a ƙasa, da iskar girki da ke taruwa a rami. Haɗarinta yana cikin matsin da ke tukunyar, wanda ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau 100.

Tukunyar girki ko wadda aka haɗa a wurin mai walda ba za ta iya riƙe wannan matsi ba. A watan Oktoban 2024 wata irin wannan tukunya ta fashe a wani gidan ɗuri a birnin Benin, ta raunata mutane. Tukunyar da aka amince da ita ba ta da ɗinkin walda a jikinta, tana da ranar da wa'adinta zai ƙare, kuma ana gwada ta lokaci-lokaci.

Ta fuskar lafiya, iskar gas ba ta fitar da baƙin hayaƙin da tsofaffin motocin dizal ke turnuƙewa da shi, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin abubuwan da ke haddasa cutar a shekara ta 2012. Amma ta fuskar ɗumamar yanayi ribar ba ta da yawa, domin iskar da ta zurare ba tare da ta ƙone ba ta fi hayaƙin kansa riƙe zafi a sararin samaniya.

Su wa za su fara sauyawa?

Waɗanda suka fi dacewa su ne kamfanoni masu ɗaruruwan motoci da ke zirga-zirga a kan hanya ɗaya, suna kwana a gareji ɗaya inda za a iya kafa musu wurin ɗuri: masu siminti, da masu taki, da masu rarraba mai, da manyan masana'antun casar shinkafa da ke ɗebo shanshera daga Jigawa zuwa Kano. Tafiyar kilomita 400, zuwa da dawowa tsakanin Kano da Haɗejiya, tana cikin abin da motar CNG mai wadatattun tukwane za ta iya yi da ɗuri ɗaya.

Mai mota ɗaya ko biyu da ya sayo ta hannu, wanda shi ne ƙashin bayan dakon amfanin gona a yankin, shi zai zo a ƙarshe. Sabuwar motar iskar gas ta fi ƙarfin jarinsa, kuma ba zai iya jingina sana'arsa da gidan ɗuri guda ba. Idan har zai gwada, hanyar haɗa dizal da iskar gas ce ta fi masa kwanciyar hankali, tun da tana barin masa tankinsa na dizal.

Saboda haka abin da manomin Auyo ko ɗan kasuwar Haɗejiya zai sa wa ido shi ne yawan gidajen ɗurin da ke aiki ba yankewa tsakanin Kano da Gujungu da Haɗejiya, da kuma ratar farashin da za ta rage bayan an biya kuɗin kawo iskar. Kafin waɗannan su tabbata, da dizal shinkafar fadamar za ta ci gaba da isa kasuwa.